Yadda ake haɗa injin ban ruwa da altanetar mota a samu wuta a gida

A ƙasar Adar, daga Galmi har Tabalak, ana gama kwashe albasa ne daidai lokacin da zafi yake kankama. Afrilu na kamawa ma'aunin zafi ya haura 40 a Tahoua, injin ban ruwa kuwa an jingine shi a zaure yana shan ƙura. Injin nan, in aka haɗa shi da altanetar tsohuwar mota, wato na'urar da ke cajin batir a mota, zai cika batir ya ba gida fitila da fanka da cajin salula. Duk wanda ya sha duhun 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kayan ba su da yawa. Injin esansi mai ƙarfin doki 5.5 ko 6.5, altaneta mai volt 12 da ampiya 60 zuwa 80, batirin mota, bel, fuli (faifan ƙarfen da bel yake hawa), fiyus, makunni, ɗan ƙwan fitila mai wat 3, da wayar wuta mai kaurin milimita murabba'i 16. Altanetar a garejin makanikai ake samunta, wanda ke Yamai kuma ya leƙa kasuwar Katako. Ka zaɓi wadda na'urar daidaita wutarta take a ciki, kuma a gwada maka ita kafin ka biya.

Da farko a kwance kan famfon daga jikin inji. Sandar da ta fito tana da zare irin na noti, fuli ba zai zauna kanta haka nan ba, sai mai injin sassaƙa ƙarfe ya gyara maka shi. Kada ka yarda a yi masa walda a kan sandar. Ranar da ruwa ya janye ka so komawa fadama, za ka yi da-na-sani. Injin yana juyi 3,600 a minti, don haka fulinsa ya kai na altaneta girma ko ya ɗara shi da rabi.

Sai mai walda ya yi maka gado na ƙarfe, a ɗaure inji da altaneta a kai, fuli yana kallon fuli a layi guda. In ka danna tsakiyar bel da yatsa ya lotsa kamar santimita 1, ya yi.

Haɗin wayoyi shi ne inda mutane suka fi faɗuwa. Babban noti mai alamar B+ ya tafi kan jan ƙafar batir mai alamar +, da fiyus kusa da batirin. Gangar jikin altaneta ta tafi baƙar ƙafa. Saura ƙaramar ƙafa mai alamar D+ ko L, wadda da yawa suke mantawa, su yi ta juya inji har yamma ba wuta, su ce an sayar musu da matacciya. Altaneta ba ta da maganaɗisu na dindindin. Sai batir ya ɗan ba ta wuta ta farka, kamar yadda ake zuba wa famfo ruwa kafin ya fara ja. To ka jawo siririyar waya daga jan ƙafar batir, ta bi ta makunni, ta bi ta ɗan ƙwan nan, ta shiga D+. Wasu altanetocin Japan suna da ƙarin ƙafa, IG ko S, waɗannan makanike ya nuna maka.

Ta da injin makunni a kashe, ka bar shi ya ɗumama, sannan ka kunna. Ƙwan zai ɗan haska ya mutu, muryar inji ta yi nauyi. Mitar auna wuta, in ka ɗora ta kan batir, ta nuna tsakanin volt 13.8 da 14.4. Daga batir kake ɗaukar wuta: fitilu da fanka masu volt 12 kai tsaye, talabijin kuma ta inbata mai mai da ita 220.

Kada ka taɓa cire kan batir inji yana aiki, wutar za ta yi tsalle, tana iya ƙone cikin altaneta nan take. Injin kuma a tsakar gida yake kwana, nesa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari, tana kashe mutum cikin barci. Ba a ƙara masa mai yana da zafi, kuma a yi wa bel murfi saboda yara da bakin riga.

Gaskiya dai, altaneta tana ɓarnatar da kusan rabin ƙarfin da inji ya ba ta, saboda haka ban ga hikimar barinsa yana ruri dare farai ba. Awa biyu ko uku da magariba a ɗora wa batir caji, a kashe. In kana da faifan sola, ka bar shi ya yi aikin rana, inji ya zama na ranar hazo da hadari. Lokacin ƙura ka riƙa wanke matatar iska duk mako, baƙin mai kuma a canza shi bayan awa 50 na aiki.