Yadda Ake Saita Na'urar Awon Ingancin Wutar Lantarki

Idan motocin injin masana'anta a Sharada, Bompai ko Challawa suna yawan ƙonewa, na'urar awon ingancin wuta ce za ta nuna inda matsalar take. Sai dai in saitin bai yi daidai ba, ko ta yi wata guda maƙale a fanel, lambobin da ta tara ba za su amfane ka ba.

Fara da tsarin waya. Yawancin wuraren da ke shan wuta daga taransfoma fes uku ne (wayoyi uku masu ɗauke da wuta) da nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta), wato waya huɗu, shi za ka zaɓa a na'urar. Sa bolt 230 tsakanin fes da nutural, 400 tsakanin fes da fes. Wutar Najeriya Hz 50 ce, wato tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, don haka duba da kyau, domin na'urar da aka yi wa kasuwar Amurka kan zo a kan 60.

Sai zoben awon ampiya, wanda masu aiki ke kira CT. Nan ne ya fi buƙatar natsuwa. Karanta lambar da ke jikinsa, misali 400/5 (wato yana mayar da ampiya 400 zuwa 5), ka shigar da ita yadda take. In ka shigar da 200/5, awon ampiya da na kilowat za su fito rabin gaskiya. Kibiyar da ke jikin zoben ta fuskanci wajen injina, kuma zoben kowane fes ya hau wayar da aka ɗauko bolt ɗinsa. Idan kilowat na wani fes ya fito da alamar ragi alhali babu sola a wurin, mai yiwuwa zoben ya juya ne. Gargaɗi babba: kada ka taɓa kwance wayoyin CT mai fitar da ampiya 5 alhali wuta na bi, domin bolt mai iya kisa yana tashi a bakinsu.

Daga nan sai iyakoki. Abin da aka saba shi ne ƙasa da kashi 90 na bolt ɗin da ka saita faɗuwa ce, sama da kashi 110 kuma hauhawa. Bar tazarar adana awo a minti 10, na'urar ta yi mako guda cur.

Kada ka raina agogo. Daidaita kwanan wata da lokaci, sannan mai kula da janareta ya riƙa rubuta sa'ar da ya kunna da sa'ar da ya kashe. Da wannan ne za ka bambance laifin wutar layi da na janareta.

Kafin ka rufe fanel, gwada bolt ɗin da ƙaramar mita ka ga ya yi daidai da wanda na'urar ke nunawa, sannan ka danna fara ɗauka.