Darasi na 7: Magungunan da Ke Taɓa Gashi da Launin Fata

Launin fatar mutum daga wani sinadari yake zuwa mai suna melanin, wanda fata ke haɗawa da kanta. Idan ya yi yawa mutum ya yi duhu, idan ya yi kaɗan ya yi haske. Gashi kuma daga saiwarsa yake tsirowa a cikin fata, ya yi shekaru yana girma, ya tsaya, ya zube, wani ya maye gurbinsa. Akwai magungunan da ke taɓa waɗannan ayyuka biyu.

Maganin sanƙo da aka fi sani shi ne minoksidil. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, wadda aka amince da ita a Amurka a 1979. Sai likitoci suka lura masu shan ta gashi na fito musu har a goshi da kumatu. A 1988 aka fito da na shafawa a ka. Ba ya aiki sha yanzu magani yanzu, sai an yi wata 3 zuwa 6 ana shafawa kullum, kuma ranar da aka daina, gashin da ya fito zai soma komawa cikin 'yan watanni. Akwai kuma ƙwayar finasteraid ta maza. Mace mai juna biyu kada ta sha, kada ma ta taɓa fasasshiyarta, domin tana iya cutar da jariri namiji tun yana ciki.

Wasu magungunan kuwa ba don gashi ko fata ake shan su ba, amma sai sun nuna a jiki. Kulofazimin, ɗaya daga cikin magungunan kuturta, yana mayar da fata ja-ja, daga baya ta yi duhu, musamman inda tabon cutar yake. Launin yana gushewa a hankali bayan an gama magani. Allurar ciwon daji takan zubar da gashi mako 2 zuwa 3 da farawa, kuma yawanci yana sake fitowa. Kunya kan sa wasu su ajiye magani idan suka ga haka. Kada ku yi. Kuturtar da aka bari rabi da rabi tana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, kuma wannan ba ya gyaruwa kamar launi. Ku koma wurin likita ku nuna masa.

Inda aka fi cutuwa shi ne man bilicin, domin shi mutum ne ke saye da kuɗinsa, ba wanda ya rubuta masa. Abu uku ake yawan zubawa a ciki. Haidirokwinon yana hana fata yin melanin. Likita kan ba da shi don tabo, na ɗan lokaci kawai. Idan aka daɗe a kansa sai reshe ya juye da mujiya: kumatu da goshi su yi baƙi-baƙi mai shuɗi, wanda da ƙyar yake fita. Na biyu shi ne sitiroid mai ƙarfi, maganin ƙaiƙayi da kumburi. Yana sa haske da sauri, shi ya sa ake son sa, amma fata na yin siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito a cinya da hammata, kuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa. Na uku zaiba ce. Tana ratsa fata ta shiga jini ta lalata ƙoda, tana kuma kaiwa ga jariri ta ciki ko ta nono. Sau da yawa ba a rubuta ta a kwali.

Aikin gida: ku ɗauko man shafawar da ke ɗakinku, ku duba ƙananan rubutun da ke bayan kwalin. Ku nemi kalmomin nan harafi bayan harafi: hydroquinone, clobetasol, betamethasone, mercury. Clobetasol da betamethasone sunayen sitiroid ne, mercury kuma ita ce zaiba. Wanda ya ga ɗaya ya rubuta ta a littafinsa. Idan clobetasol ko betamethasone ce, kuma an daɗe ana shafawa, kada a daina rana ɗaya, domin fata na iya yin ja da zafi. A kai kwalin wurin likita ya nuna yadda za a rage sannu a hankali.