In bashin motar banki ya fi ƙarfinka, ga yadda za ka yi

Wani maƙwabcina a Mabera ya ɗauki mota ta hanyar banki, albashi ya tsaya wata uku bai zuba ko sisi ba, sai ya kashe waya ya koma ɓuya, ƙarshe da safe anka zo anka ja motar gaban 'ya'yanshi. Wallahi abin ya taɓa ni, don da ya je da ƙafarshi tun watan farko da wataƙila ba a kai nan ba.

Ɗan'uwa ran da ka ga biya zai gagara, rubuta takarda ka kai banki ka roƙi a sake tsara maka biyan, a ƙara wa'adi a rage na wata, kuma ka sa su buga hatimi a kan kwafinka ka adana. Maganar baki da wuya ta tsaya gaban alƙali.

Sannan ka ɗauko takardar da ka sa wa hannu ka karanta da kyau. Motar nan jingina ce, suna iya karɓe ta su yi gwanjonta, in kuɗin bai kai ba cikon yana wuyanka, kuma wanda ya tsaya maka shi ma za a bi shi, ka ga ka jawo wa bawan Allah masifa. Kada ka ce za ka kwashe kuɗi ka kai wani banki, tun Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya (CBN) ya fara tsarin ƙwato bashi na GSI, in ka sa hannu a kai da BVN ɗinka za a bi sauran asusunka a cire. Sunanka kuma ya shiga rajistar masu taurin bashi irin ta CRC, gobe ko rancen jari ka nema sai ka sha wuya.

Bashi kawai ba laifin da ɗan sanda zai tsare ka ba ne, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya, maganar kotu ce. Amma fa in ka ba da cek alhali ka san asusun babu kuɗi, dokar cek ta 1977 ta tanadi ɗaurin shekara 2. Haka in ka sayar da motar a ɓoye ko ka tsallaka iyaka da ita daga Illela zuwa Konni ta Nijar, nan ka mayar da bashi ya zama laifi da hannunka.

In kana ganin an cuce ka a lissafi, kai ƙorafi bankin a rubuce, in wa'adin da CBN ta ba su ya cika ba su warware ba ka wuce sashen kare masu hulɗa da banki na CBN. In sammaci ya zo kuwa kada ka ƙi zuwa, nemi lauya ka tafi da duk rasit ɗinka.