Lomar da ke tsayawa a ƙirji: kurakuran cin abinci bayan an sa zoben tumbi

Wanda aka sa wa zoben tumbi don rage ƙiba ba ya manta ranar da loma ta fara tsaya masa. Yana zaune ana hira, ya yanki tsokar kaza, ya tauna sau uku ko huɗu kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya haɗiye. Sai ya ji nauyi a tsakiyar ƙirji, daidai bayan ƙashi, kamar an ɗora masa dutse. Yawu ya fara taruwa a baki, mai kauri da yauƙi, in ya haɗiye ya ƙi wucewa. Idanu su kawo ruwa. Ya miƙe ya nufi banɗaki, bayan minti goma tsokar ta dawo kusan yadda ta shiga. Daga ranar sai ya yanke hukunci cewa kaza ba ta karɓe shi ba. Kuskuren farko ke nan, don sau da yawa kazar ba ta da laifi.

Zoben nan roba ce mai laushi ta silikon da ake ɗaurawa a can saman tumbi, ƙasa kaɗan da inda maƙoshi ya haɗu da shi. Ba a yanke tumbin, ba a taɓa hanji. Abin da ke saura a saman zoben 'yar jaka ce da ba ta ɗaukar fiye da mililita 15 zuwa 30, wato cokali ɗaya ko biyu, sai 'yar ƙofar da abinci zai bi ya sauka. Cikin zoben kamar balan-balan yake, an haɗa shi da siririn bututu zuwa wani maɓalli da aka binne a ƙarƙashin fatar ciki. Likita ya soka allura a nan ya ƙara ruwan gishiri, ƙofa ta tsuke. Ya zuƙe ruwan, ta buɗe. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin zoben mai suna Lap-Band a 2001, aka yi ta sa wa mutane shekaru da dama. Yanzu tiyatar yanke tumbi ta sha gabansa, amma masu yawo da zoben a cikinsu suna nan da yawa.

Ka ɗauke shi kamar mazurari. Mazurari bai san abu mai amfani da maras amfani ba, abin da ya sani kawai girman abu da kaurinsa. Duk matsalolin da za mu ambata daga nan suka taso.

Girman loma da saurin haɗiya su ne kan gaba. Abinci ba faɗawa yake yi ta ƙofar da kansa ba, maƙoshi ne ke matsa shi, ya matsa, ya sake matsawa, har lomar ta wuce, kuma wannan kan ɗauki kusan minti guda. In ka aiko da ta biyu kafin ta farko ta wuce, ta uku ta biyo baya, ka tara cunkoso a wurin da cokali biyu kawai yake ɗauka. Gyaran ba shi da wahalar faɗa: ka yanka abinci kamar girman farcen yatsanka, ka tauna sau 20 zuwa 30 har ya zama kamar kunu a baki, ka haɗiye, ka ajiye cokali, ka jira minti guda. Ƙaramin cokali da ƙaramin faranti suna taimakawa fiye da yadda ake zato. Bayan minti 20 zuwa 30 ka tashi, ko da saura a faranti. Yinsa ne ke da wuya. Kowa yana kiyaye ƙa'idar nan in yana shi kaɗai a natse. Inda take ɓacewa shi ne cikin jama'a ana raha, ko ido yana kan waya, ko an wuni ba a ci komai ba yunwa ta kai wuya. Lomar farko ta mai jin yunwa ita ce ta fi kowace tsayawa, shi ya sa ƙetare lokacin cin abinci ba dabara ba ce ga mai zobe.

Sai nama, wanda ya fi kowane abinci shan zargi. Abin da zobe ke ƙi a jikin nama bushewa ce da zare. Jan nama da aka gasa har ya ƙafe, ƙirjin kaza, soyayyen da ya yi ƙarau, da kuma wanda ya kwana a firji aka sake ɗumamawa, duk sukan dunƙule su zama kamar tsumma komai taunarka. Jatan lande in ya dahu da yawa roba yake komawa. Ƙwai ma, da ake ganin mai sauƙi ne, in an soya shi ya bushe yakan tsaya. Kuskuren shi ne a yi fushi da nama gaba ɗaya, alhali jikin da ke rage ƙiba yana buƙatar furotin, yawanci giram 60 zuwa 80 a rana, in ba haka ba tsoka ce za ta zube tare da kitse, gashi ma ya fara kakkaɓewa. A canza dahuwa kawai. Naman da ya daɗe a wuta kaɗan-kaɗan cikin romo har cokali ke raba shi, niƙaƙƙen nama cikin miya, cinyar kaza maimakon ƙirji, kifi mai laushi, wake da ya dahu luguf. In za ka yanka tsoka, duba inda zarenta ya nufa ka yanka a gicciye, don ka gajarta zaren tun kafin ya shiga baki.

Burodi kuwa yaudara gare shi. Mutum ya ga abu mai laushi kamar auduga, ya ce ai wannan ba zai ba da wahala ba. Gwada wannan a hannunka: ciro tsakiyar sabon burodi, ɗiga masa ruwa kaɗan, mulmula shi tsakanin yatsu. Ƙullin nan mai danƙo da ya fito, shi ne abin da ke zuwa bakin ƙofar ya toshe ta. Wanda aka yanka siriri aka gasa har ya yi ƙus-ƙus ya fi wucewa, saboda ruguzewa yake yi, ba ya dunƙulewa. Shinkafa da taliya 'yan gida ɗaya ne da burodi a wannan fanni: suna mannewa da juna, musamman in sun yi sanyi ko sun caɓe. Wasu na iya cin cokali biyu ko uku cikin miya mai yawa, wasu kuma har abada ba sa shiri da su. Ba asara ba ce babba, tunda dama ba su ya kamata su cika 'yar jakar ba.

Kayan lambu da na marmari ba sa buƙatar dogon bayani, wuƙa ce maganinsu. Duk abin da ke da zare kamar abarba, seleri, mangwaro mai gashi da karan ganye, ko ɓawo mai tauri kamar na tuffa, inabi, tumatir da ƙwayar masara, ko farar fatar nan da ke raba ɓangarorin lemu, haƙori ba ya gamawa da shi. A feraye, a cire zaren, a yanka ƙanana, a dafa abin da ke dafuwa. Busassun 'ya'yan itace suna da danƙo kuma suna kumbura in sun sha ruwa. Gugguru da gyaɗa da danginsu sai an yi hattara, kuma ba a farkon watanni ba.

Ruwa fa? Al'adar kowa ce in abu ya tsaya a wuya a kora da ruwa. Ga mai zobe wannan ƙara wa wuta fetur ne: ƙofa a toshe take, ruwan ba shi da wurin zuwa, sai ya taru a kan lomar ya dawo da ƙarfi. In kuma babu abin da ya toshe, shan ruwa a tsakiyar cin abinci yana wanke abincin ya sauka da wuri, ƙoshin ya gushe, ka ci fiye da ƙima. Asibitoci da yawa suna cewa a sha kafin a fara ci, sannan a dakata kamar minti 30 bayan an gama. Sauran yinin kuwa a yi ta kurɓa, lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Lemon kwalba mai gas yana cika ciki da iska, ga gyatsa ba ta fita da sauƙi ta ƙofar da aka tsuke, sai kumburi da ciwo. Masu ba da shawarar a sha shi don ya ture abin da ya maƙale, ban ga hikimarsu ba. In loma ta tsaya, ka daina ci, ka miƙe tsaye, ka ɗan taka, ka tofar da yawun, ka ba ta lokaci. Ko ta wuce ko ta dawo da kanta.

Yanzu ga kuskuren da na fi jin tsoro, don shi ba ya ciwo. Mutum ya sha wuya da nama, ya sha wuya da burodi, ya gaji da tashi daga kan tebur a gaban mutane. Sai wata rana ya lura askirim bai taɓa tsaya masa ba. Cakulan narkewa yake yi. Biskit in an tsoma a shayi sulalewa yake yi. Soyayyen dankalin leda ruguzewa yake yi ya bi yawu. Madara mai sukari, lemon kwali, miya mai maiƙo, duk suna wucewa kamar babu zobe. Ba da niyya ba, a hankali abincinsa ya koma irin waɗannan. An gudu ba a tsira ba: ga zobe a ciki, ga wahalar tiyata an sha, ga nauyi ya tsaya cak ko ma yana hawa, ga jiki babu furotin. Kuma irin wannan abinci ba ya ƙosarwa, domin abin da ke kashe yunwa ga mai zobe shi ne abinci mai jiki da maƙoshi zai yi aiki kafin ya tura shi. Abin takaicin, mutum a wannan hali yakan koma asibiti ya ce a ƙara matse zoben tunda ba ya ramewa. In aka ƙara, ɗan abinci mai jikin da yake iya ci ma ya gagara, ya ƙara nutsewa cikin mai sulɓi. Sau da yawa abin da yake buƙata akasin haka ne, a rage ruwan kaɗan har ya iya cin kifi da kayan lambu cikin kwanciyar hankali. Zoben da ya zauna daidai shi ne wanda za ka ci ɗan abinci mai jiki, ka ƙoshi, ka yi awanni ba ka tuna da abinci ba, kuma ba ka amai.

Maganar amai ta kawo mu ga masu ɗaukar sa kamar wani ɓangare na tsarin. Za ka ji mutum na cewa ai zoben na aiki, kullum sai ya dawo da abinci. Ba aiki ba ne, alama ce ta cewa ko cin ya ɓaci ko zoben ya matse da yawa. Yawan yunƙurin amai na iya sa tumbi ya zame ya turo ta cikin zoben, ko 'yar jakar ta buɗe ta zama babba, ko maƙoshin kansa ya saki ya faɗaɗa. Wasu daga cikin waɗannan sai an sake shiga tiyata. Amai na makonni kuma yana ƙarar da bitamin B1 a jiki, rashinsa kuwa yana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Ƙwannafi mai tsanani, tari cikin dare, farkawa da ruwa mai tsami a baki ko a hanci, duk saƙo ne cewa a je a duba. Wanda kuwa ruwa ma ya ƙi wuce masa, ko yawunsa ya gagare shi haɗiya na awanni, ko ciwo mai tsanani ya kama shi, ko ya ga jini a amai, wannan ba na jiran gobe ba ne, asibiti zai nufa a lokacin.

Akwai ɗan kuskure da ke biyo bayan kowace maƙalewa: komawa kan faranti da zarar an sami sauƙi. Wurin ya kumbura saboda wahalar da ya sha, ƙofar ta ƙara tsukewa, abin da ya wuce jiya lafiya yau zai tsaya. A koma kan ruwa-ruwa na yini ɗaya ko biyu, sannan mai laushi, sannan a dawo. Haka ake yi bayan kowane ƙarin ruwan gishiri. Haka kuma makonnin farko bayan tiyata, inda ake farawa da ruwa-ruwa, a koma niƙaƙƙe, a koma mai laushi, kafin a kai ga abinci sosai wajen mako na huɗu zuwa na shida. Jin cewa ka warke ba ya nufin ɗinkin da ke riƙe da zoben ya gama kamawa.

Zoben ma ba kullum yake da hali ɗaya ba, abin da ke rikita mutane ke nan. Da safe ya fi matsewa, shi ya sa da yawa ba sa iya cin abu mai jiki sai rana ta ɗaga. Abin sha mai ɗumi kafin karin kumallo yakan sassauta shi. Mata da dama suna jin ya tsuke gab da al'ada. Mura, tashin hankali da tafiyar jirgin sama ma sukan sa haka ga wasu. Mai juna biyu kuwa ta sanar da likitanta da wuri, don akan sassauta zoben in laulayi ya yi yawa. Saboda haka abincin da ya ƙi ka sau ɗaya kada ka sallame shi. Rubuta abin da ka ci, ƙarfe nawa, yaya aka dafa, kana sauri ko kana natse. Bayan mako biyu ko uku ka sake gwada shi da rana, ɗan kaɗan, da wata dahuwar, kuma a gida, ba a gidan biki ba. Sabon abu ɗaya a lokaci guda, don in an sami matsala ka san mai laifin.

Ƙwayar magani ma loma ce, mutane na mantawa. Babbar ƙwaya tana iya zama a bakin ƙofar ta narke a wurin ta ƙona fatar ciki. Amma kada ka daka kowace ƙwaya da kanka, akwai waɗanda aka yi su don su narke a hankali cikin awanni, dakawa na sakin maganin gaba ɗaya. Ka tambayi likita ko mai harhaɗa magani ko akwai na ruwa, na taunawa, ko ƙananan ƙwayoyi. Magungunan ciwo irin su ibuprofen, diclofenac da asfirin suna cin fatar tumbi, don haka a kowane asibiti ka je, ko na haƙori ne, ka faɗa musu kana da zobe kafin a rubuta maka takarda.