Darasi na 7: Watandar gidan hutu

Jama'a yau karatun namu kan gida ne, amma ba gidan zama ba, gidan da ake zuwa a huta. Kowa ya san watanda, a haɗa kuɗi a sayi sa a yanka kowa ya ɗau kashinshi. To shi gida ba ya yankuwa, shi ya sa kwanakin shekara ake rabawa a madadin nama. Turawa sun fara wanga tsari tun shekarun 1960 a Suwizalan da Faransa, shekara mako 52 ce sai a sayar ma kowa mako ɗaya ko biyu.

A ce 'yan kasuwa huɗu, ɗaya daga Mabera, ɗaya Runjin Sambo, biyu Gawon Nama, sun gaji da zafin Sakkwato wanda a watan Afrilu yake wuce digiri 40, sunka haɗa hannu sunka sayi gida a Jos naira miliyan 40. Kowa miliyan 10, kowa mako 13. Lissafi mai sauƙi ko? A takarda dai. Don kowa bazara yake so da lokacin da yara ke hutun makaranta, wa zai kwashi iyali ya tafi Jos a Disamba suna karkarwa, namu hunturun ma ya ishe mu. Sai a yi kwasa irin ta adashi, wanda ya ɗau Afrilu bana baɗi ya koma baya, kuma a rubuta a sa hannu gaban shaidu, ban da “ai mu 'yan uwa ne”.

Ga inda nake so ku saurara da kyau. Tsarin iri biyu ne. Wani, kashi ka saya a cikin gidan kanshi, sunanka na cikin takarda, kana iya sayarwa, 'ya'yanka su gada. Wani kuma kwana kawai ka saya, gidan na kamfani ne, shekarun da anka yanka maka na cika shi ke nan ka fita. Irin shi anka yi a dogon benen Zamzam da ke daf da Harami a Makka, inda mutane sunka sayi damar zama na wasu kwanaki duk shekara har shekara 24, kuma kwanakin goman ƙarshe na azumi ba kuɗinsu ɗaya da sauran ba. Duka biyun ciniki ne, amma dillali ba kullum zai faɗa maka wanne ne ba sai ka tambaya, in ba ka iya karanta takardar ba ka kai ma lauya, kada ka ji kunya Alhaji.

Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnan jiha, don haka sauya suna a takardar mallaka, wadda ake ce ma C of O, sai da amincewarshi, kuma tunda gidan a Jos yake gwamnan Filato ne ba namu ba.

Sai kuɗin shekara-shekara, maigadi, wuta, ruwa, gyaran kwano in ya fara yoyo, ka je ko ba ka je ba kana biya. Kuma sayar da kashi da wuya wallahi, mutane ba su cika son shiga tarayya da waɗanda ba su sani ba. Malamanmu na fiƙihu suna da hukuncin shuf'a, wato in ɗaya ya sayar ma bare kashinshi na gidan da ba a raba ba, abokan tarayya na da haƙƙin karɓa su biya kuɗin da baren ya biya.

Aikin gida: in kuɗin maigadi da gyara sun kama naira 600,000 a shekara, nawa kowane daga cikin huɗun zai biya? In ɗaya ya rasu ya bar 'ya'ya maza 13 su kaɗai magada, mako nawa kowane zai samu? Ku rubuto, mu duba ranar Asabar.