Yadda ake kiwon kunkuru a makarantar firamare

Malami yakan yi sha'awar kunkuru saboda ba ya haushi, ba ya cizo sai an matsa masa, ba ya cika wari. Sai a sa shi a kwali a kusurwar aji, yara su yi ta jefa masa ragowar biskit, kafin zangon karatu ya ƙare ya daina motsi. Kunkuru ba ya kuka, shi ya sa ake daɗewa ba a gane yana shan wahala ba. Dabbar aji ce da suna, amma gidansa a tsakar makaranta yake, ajin ziyara kawai zai riƙa kai masa.

Matakin farko, tun ba a kawo shi ba, a zauna da hedimasta a amsa tambaya guda: wa zai riƙe shi lokacin dogon hutu da hutun sallah? In amsar ita ce "Allah zai kawo mafita", a fasa. A samu mutum takamaimai, maigadi ko malamin da ke zaune kusa, a yanka masa ɗan abin hasafi, a rubuta a ajiye. A kuma sanar da iyaye.

Na biyu, a san irin kunkurun. Babban kunkurun Sahel, wanda masana ke kira sulkata, ɗan yankinmu ne, ana samunsa daga Senegal har Sudan da Habasha, ciki har da Nijar da Chadi da arewacin Najeriya. Shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Ɗan da ke zama a tafin hannu yau zai iya wuce kilo 50, ya kuma haura shekara 50 a raye, wato zai ga ritayar malamin da ya kawo shi. Akwai kuma ƙarami mai murfi a bayan ƙoƙonsa, wanda kan rufe ƙafafun baya in ya tsorata. Wannan ya fi son inuwa da danshi, kuma yana haɗawa da dodon koɗi da tana. Kififiya kuwa ta ruwa ce, kiwonta daban. Sulkata yana cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa a daji, don haka a nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gida, kada a saya a hannun mai farauta. Abin da ke tafe duk a kan sulkata ne.

Na uku shi ne wurin zama, kuma nan aikin yake. A zaɓi gefen da hantsi ke samu amma akwai bishiya ko rumfa. A kewaye da bulo, tsawon da ya ninka tsawon jikinsa sau biyu, a kuma binne layi ɗaya ko biyu a ƙasa, domin gwanin haƙa ne. Kada a yi shingen waya da yake hango waje, zai wuni yana turawa har ya ji ciwo. Ƙasa ta zama turɓaya gauraye da yashi, siminti na cinye masa ƙasan ciki da farata. A gina masa ɗan ɗaki mai duhu da busasshiyar ciyawa a ciki. In ƙarami ne a rufe saman da raga saboda shirwa da hankaka, da dare kuma a shigar da shi inda gafiya da karnuka ba za su kai gare shi ba.

Dalilin nacewa a kan waje shi ne rana. Fatarsa na buƙatar hasken rana kai tsaye kafin ta samar da bitamin D3, wanda da shi jiki ke amfana da kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Gilashin taga yana tare wannan sashe na hasken, saboda haka ajiye shi a bakin tagar aji ba ya maganin komai. Wanda bai samu rana ba ƙoƙonsa kan yi laushi, ƙafafunsa su kasa ɗaukarsa. Amma ranar bazara, wadda ke wuce digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, kashe shi za ta yi in ba mafaka. A daji rami mai zurfi yake shigewa. Da hunturu kuma a ƙara masa ciyawa, a toshe ƙofar ɗakin da buhu, don sanyin asuba na sa masa ciwon huhu.

Na huɗu, abinci. A ɗauke shi tamkar ɗan maraƙi: mafi yawan abincinsa ciyawa ce, kiri-kiri da harkiya, ɗanye ko busasshe. A ƙara da ganyen kabewa da na kuɓewa. Kankana da tumatir sai jefi-jefi, ɗan kaɗan, don zaƙi na ɓata masa ciki. Ban da tuwo, burodi, nama da madara. A tsige tumfafiya da zurma da zaƙami daga kewayen, duk guba ne. Ciyawar da aka yi wa feshin magani ma kada ta kusance shi. Sau biyu a mako a barbaɗa masa ɓawon ƙwai da aka dafa aka dake. A ajiye ruwa a faffaɗan faranti marar zurfi, domin kunkurun tudu bai iya iyo ba. In ɗan ƙarami ne kuma a riƙa tsoma shi cikin ruwa mai ɗumi, iya haɓarsa, na kamar minti 15. In ya fitar da wani farin abu kamar kwaɓaɓɓen alli tare da fitsari, lafiya ce, sai in ya yi tauri kamar tsakuwa, alamar ruwa ya yi masa kaɗan.

Na biyar, dokokin yara, a rubuta su a allo. Kunkuru na iya ɗauke da ƙwayar salmonela ko da yana cikin ƙoshin lafiya, tana kuma sa gudawa da zazzaɓi. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru masu ƙasa da inci 4 tun 1975. Duk wanda ya taɓa shi ko farantinsa ya wanke hannu da sabulu, ba a cin abinci a wurinsa, 'yan nazare 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa kallo ne nasu. Ba a kifa shi, ba a hawansa, ba a shafa masa fenti. Ba a huda ƙoƙonsa a ɗaura igiya kamar yadda wasu ke yi a gidaje, domin ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa a manne suke da shi, yana jin zafi. In za a kai shi aji, malami ne zai ɗauka da hannu biyu, kusa da ƙasa, na ɗan lokaci. Tsoro kan sa ya saki fitsari, ya zubar da ruwan da ya tara wa jikinsa.

A raba aiki biyu-biyu kowane mako: masu ciyawa, masu ruwa, masu shara. Ranar Juma'a a ɗora shi a sikeli, a auna tsawon ƙoƙonsa da tef, ɗalibai su rubuta a littafi guda, darasin lissafi ya samu. Littafin ne zai nuna in nauyinsa na raguwa. In aka ga haka, ko majina a hancinsa, ko kumburin ido, ko ya yi kwanaki bai ci ba alhali ba sanyi ake yi ba, a kai shi wurin likitan dabbobi tare da littafin.