Ga masu shirya wasan kwaikwayon 'yan sama jannati a lakwal

Salamu alaikum 'yan uwa malamai. Masu shirin wasan kumbo da waƙoƙin rok an rol na ƙarshen shekara, don Allah ku kula da kayan da za ku sa ma yara. Kwali da takardar alminiyom suna ƙyalli da kyau in fitila ta haska, amma zafin Damagaram a watan Mayu ba wasa ba ne, yaro na ciki yana rawa yana tsalle sai numfashi ya gagare shi. Ku huda ramuka ta baya da ƙarƙashin hammata, hular kuma a bar baki a buɗe, in ba haka ba muryar can ciki za ta maƙale ko da mikro.

Kiɗan kuma kada ya tsorata ku, yawancinsa kwad 3 ne a gita (kwad shi ne haɗin sautuka da ake kaɗawa lokaci guda), bugu huɗu huɗu, nauyin yana kan na 2 da na 4. Ku sa 'yan amshi su tafa daidai nan, mai ganga ya bi su.

Lasifika a ajiye ta gaba da masu waƙa, in tana bayansu ƙara za ta yi ta yi. A tanadi grup (injin wuta) da mai ko kuran ya yanke.